Firam ɗin hoto na ƙarfe: maƙerin gari ko mai walda?

Malam, Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makomarsa. Ka ce ka sa an faɗaɗa hotonsa zuwa girman A3, kana son a yi masa firam na baƙin ƙarfe mai ado, da gilashi a gaba, wanda zai kai ga jikoki. Ka rasa wa za ka ba aikin, maƙerin ƙauyenku da ke gefen Gaya ko wani mai walda a Wudil, kuma ɗakin da za ka rataye shi ginin ƙasa ne. Ni a gidan ƙira na tashi, daga baya na koyi walda, don haka zan faɗa maka inda kowannensu ya fi da inda zai ba ka kunya.

Abin da kake so aiki biyu ne a jiki ɗaya. Akwai gidan da gilashi da hoto za su zauna, akwai kuma adon da zai kewaye gidan. Na farko aikin awo ne, na biyu aikin wuta da guduma, kuma da wuya ka sami mutum ɗaya a ƙauye da ya ƙware a duka biyun.

Mu fara da gidan gilashin. Takardar A3 faɗinta santimita 29.7 ne, tsawonta 42. Gilashin da za a yanka mata ba ya lanƙwasa ko kaɗan, saboda haka dole kusurwoyi huɗun firam su tsaya daidai, ƙarfen kuma ya kwanta a shimfiɗe ba tare da murɗewa ba. Nan mai walda ya yi wa maƙeri nisa. Yana da ƙarfen angil, wanda tun daga kamfani ya zo da leɓen da gilashi zai jingina. Angil mai faɗin milimita 20 ya isa. Zai yanka guda huɗu, kowane baki a karkace, ya haɗa su da sikwaya, wato ma'aunin kusurwa, ya ɗan ɗiga walda a kusurwoyin kawai, sannan ya ja tef daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu sun zo ɗaya, firam ya tsaya. Ka tsaya a kansa ka ga ya yi wannan awon kafin ya cika waldar, domin zafin walda yana jan ƙarfe idan ya huce, kuma wanda ya cika kusurwa ɗaya gaba ɗaya kafin ya taɓa sauran zai ba ka firam mai karkata. Ka ce masa ya yi waldar ta waje, ya bar cikin leɓen sumul, ya kuma bar rarar milimita 2 zuwa 3 a kan girman gilashin.

Maƙeri zai iya lanƙwasa falalen ƙarfe ya yi maka kusurwa huɗu, amma kusurwar za ta fito da ɗan zagaye, kuma duk sanda ƙarfe ya shiga wuta ya sha masaba tsawonsa yana canjawa. Awonsa ido ne da kara, kuma wannan ya ishe shi a fartanya, tunda ƙota ake sassaƙawa a ƙona ta dace da ƙarfen. Gilashi ba a yi masa haka. Ko ya ƙi shiga, ko ya shiga da ƙyar ya tsage ranar da aka ɗan matsa shi.

Idan aka zo ga ado kuwa, labari ya juya. Mai walda a sanyi yake lanƙwasa rodi. Ya ɗaure shi, ya naɗe shi a jikin guntun bututu, ya yanke. Kaurin rodin daga farko har ƙarshe ɗaya ne, bakinsa a dungule, kuma inda ya haɗu da ɗan'uwansa sai ka ga tudun walda da aka gurza da giranda. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, fulawar ƙarfe suke saya wadda aka riga aka yi a kamfani su manna, irin wadda za ka gani a ƙyauren kowane sabon gida daga Wudil har Kano. Ba laifi ba ne a ƙofa ko taga, inda daga nesa ake kallo. Firam ɗin hoto kuwa mutum kusa yake matsowa, ya tsaya ya ƙura ido, wani ma ya kai hannu ya shafa.

Maƙeri shi ƙarfen yake canja wa siffa. Idan yaro ya zuga wuta har ƙarfe ya wuce ja ya koma ruwan lemo, wato zafin ya kai wajen digiri 900 zuwa 1,100, sai ya cire shi da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera ya dinga jan bakin yana sirantar da shi. Idan ya naɗe wannan siririn baki, naɗin yana tafiya yana ƙanƙancewa kamar ƙahon rago, abin da lanƙwasar sanyi ba za ta taɓa bayarwa ba. Rodi mai kusurwa huɗu kuma, idan ya gasa tsakiyarsa ya kama gefe biyu ya murɗa, sai ya fito da igiya-igiya, kuma shi ke zaɓar inda murɗin zai matse da inda zai saki, gwargwadon inda ya ba wuta. Yana iya baje bakin ƙarfe ya zama ganye, ya sa kurfi ya fitar masa da jijiyoyi. Sawun gudumar da ke saura a jiki ma ado ne, kada ka bari a goge shi.

Inda na fi ganin bambancin shi ne dagin Arewa, wanda na san da yawa za su so a saman irin wannan firam. Kyan dagi shi ne layi ya bi ta saman wani, ya nutse ta ƙarƙashin na gaba, ya sake fitowa. Mai walda yanka rodin yake gunduwa-gunduwa ya jera ya liƙa, sai dagin ya fito a kwance, ba sama ba ƙasa. Maƙeri da ƙarfe mai zafi zai saƙa shi da gaske, ya dosa inda suka gitta su kwanta a jikin juna. Aiki ne mai cin gawayi da haƙuri, kuma ba kowane maƙeri ne zai yarda ya gwada ba, amma wanda ya iya ƙera linzamin doki ko kacar ƙofa zai iya.

Kai da kake gefen Gaya kana da hujjar neman irin wannan hannun. Labarin kafuwar Kano da ake bayarwa ya ce Abagayawa, maƙeran da suka fito daga Gaya suna neman tama, su ne suka zauna a gindin Dutsen Dala. Sai dai maƙerin yau ba ya narka tama. Shi da mai walda duk sayen ƙarfe suke yi, kuma nan ne za ka sa ido. Maƙeri ya saba da sifirin ɗin mota da sauran tsohon ƙarfe mai tauri, domin kaifi yake nema wa gatari da lauje. Firam ba ya buƙatar kaifi, kuma irin wannan ƙarfen yana tsagewa idan aka yi masa walda ko aka tsoma shi a ruwa da zafinsa. Rodin gini mai gargada shi ma ka bar shi, gargadar ba ta ɓacewa da sauƙi kuma ba ka san taurinsa ba. Ka sayo masa da kanka rodi mai santsi mai laushi, milimita 8 ko 10, mai zagaye da mai kusurwa huɗu. In babu a Wudil, akwai a Ƙofar Ruwa a Kano. Ƙarfen da aka yi wa farin rufi irin na bututun ruwa kada ya shiga wutar kowa a cikinsu, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Haɗa adon da gidan gilashi hanya biyu ce. Maƙeri zai huda da madoshi ya sa ƙusa ya dosa kanta, ko ya naɗa ɗan siririn ƙarfe mai zafi ya ɗaure guda biyu, idan ya huce ya matse. Wannan ɗaurin da kansa ado ne, kuma na fi son sa a duk inda ido zai gani. Mai walda zai ɗiga ta baya cikin minti kaɗan, ya fi sauri, kuma a jikin angil ya fi aminci, tunda dukan ƙusa na iya karkatar da gidan da aka sha wahalar daidaitawa. Saboda haka naɗe-naɗen su haɗu da juna a maƙera, haɗuwarsu da angil kuma a bar wa walda.

Batun kuɗi ba zan yanka maka farashi ba, tunda ƙarfe da man janareta kullum motsi suke. Abin da zan ce shi ne mai walda zai gama nasa cikin yini, maƙeri zai ɗauki kwanaki. Maƙeranmu sun saba da kuɗin fartanya, sai su faɗi kuɗi kaɗan da farko, aiki ya yi tsawo, su gaji su yi gaggawa a ƙarshe. Ka sa ya ƙera maka naɗi ɗaya na gwaji, ka biya shi kuɗinsa daban, sannan ku yi ciniki kowa ya san abin da ya shiga. Kada ka kai masa gab da damina, lokacin da manoma suka yi layi da garma da fartanya, ko da kaka ana neman lauje da magirbi. Tsakiyar rani ne hankalinsa yake kwance. In ka samo masa gawayin ƙirya ka taimaki kanka, shi ne ke riƙe wuta.

Kafin ka je wurin kowa, ka zana firam ɗin a kan kwali da girmansa na gaskiya, kowane naɗi a inda kake son sa. Mai walda ya fara yin gidan. Ka ɗauki gidan da kwalin ka kai maƙera, maƙeri ya dinga ɗora abin da ya ƙera a kan zanen yana gwadawa. Daga nan a koma walda, a sa ƙananan kunnuwa a baya da za su riƙe katako, a sa zoben rataya guda biyu. Mai yankan gilashi shi ne na ƙarshe, ya auna firam ɗin da kansa ya yanka mai kaurin milimita 3. Kada a yi walda ko gurza kusa da gilashi, tartsatsi yana manne masa ya bar tabo.

Kariya daga tsatsa ma sun bambanta. Mai walda jan fenti zai fara shafawa sannan baƙi, wannan ya fi jure danshin damina, amma fenti mai kauri yana cike sawun guduma. Maƙeri zai ɗumama ƙarfen ya shafa mai ko kakin zuma, ya fito baƙi mai sheƙi kaɗan, ya fi kyau nesa ba kusa ba, sai dai yana son a sake shafawa lokaci-lokaci. A ɗakin ƙasa ni jan fenti zan sa a angil da duk bayan firam, gaban adon kuma kaki.

Sai nauyi, wanda shi ne ya fi damuna da ginin ƙasarka. Angil ɗin da zai zagaye A3 kusan mita ɗaya da rabi ne, ya haura kilo ɗaya. Gilashin ya kusa kilo ɗaya. Rodi mai kusurwa huɗu na milimita 10, kowace mita ta kusa gram 800, kuma mita uku ba ta da wuyar ƙarewa a ado. Ka ga an doshi kilo 5 ke nan. Ƙusa ɗaya a bangon ƙasa ba za ta riƙe wannan ba, za ta yi ta cin raminta har ranar da za ta saki. Ka rage kaurin adon zuwa milimita 8, wanda in mai zagaye ne nauyinsa rabin wancan ne, sannan ka rataye da kaca biyu daga azara ko katakon rufi, firam ɗin ya jingina da bango kawai. In ba haka ba, maƙeri ya yi masa ƙafa ya tsaya a kan kabad.

Wajen sa hoton, a liƙa siririyar robar tub a leɓen angil kada gilashi ya taɓa ƙarfe, a yanka kwali mai taga a sa tsakanin hoto da gilashi, domin da damina hoto yana mannewa a gilashi ya ɓare idan aka zo cirewa. Bayansa a sa siririn katako irin na silin. Asalin ƙaramin hoton Baba kuma kada ya shiga firam, ka adana shi a wuri busasshe, ka kuma ajiye kwafinsa a waya, ko da wata rana za a buƙaci sake wankewa.