Ƙirga Kuskure ko Tara Maki: Alƙalancin Gasar Makaɗa da Mabusa a Amurka

Tun daga 1972 ƙungiyar Drum Corps International take shirya gasar bazara ta matasa makaɗa ganguna da mabusa begila a Amurka, kuma hanyoyi biyu ta bi wajen ba da maki.

A tsohuwar hanya, alƙali yakan shiga fili yana bin sahu da takarda a hannu, duk inda sandar makaɗi ta riga ta 'yan uwanta sauka, ko ƙafar wani ta goce daga layi, sai ya ja alama a rage kashi ɗaya cikin goma na maki. Ribarta a bayyane take, domin kowa yana iya ƙirga abin da ya rasa. Sai dai ta sa masu horarwa suna gudun kiɗa mai wuya, tunda wanda ya zaɓi mai sauƙi ya goge shi tas zai iya doke wanda ya yi ƙoƙarin abin da ya fi ƙarfi.

Daga 1984 aka koma tara maki bisa nauyin abin da aka tsara da kyawun yadda aka aiwatar. Yau ana ba tasirin wasan gaba ɗaya maki 40, kiɗa 30, motsi da tsarin fili 30. Da wannan ma'auni ƙungiyar Blue Devils ta Kalifoniya ta samu maki 99.65 cikin 100 a 2014.

Ni na fi gamsuwa da ta biyun, kodayake ta jingina ƙwarai ga fahimtar alƙali, shi ya sa magoya baya a Indiyanafolis, birnin da ake yin wasan ƙarshe, sukan yi ta gardama bayan an sanar da sakamako.