Makirufon USB ko waya mai komowa: wanne ya fi riƙe lokaci?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa akwatin lasifika, ka auna wufa (lasifikar sauti mai kauri) da tiwita (ta siririn sauti) ɗaya bayan ɗaya da makirufon USB ɗin nan, UMIK-1, ka zuba awon a manhajar VituixCAD, layi ya fito sumul a allo, amma da ka haɗa mararrabar sautin, wato na'urar da ke raba sauti tsakanin wufa da tiwita, ka sake aunawa sai ga rami a layin a wajen Hz 2,000. Kana tambaya ko ka ci gaba da makirufonka, ko ka nemi katin sauti mai ƙofar shiga biyu.

Makirufonka lafiyarsa lau, lokaci ne ya kuɓuce maka. Sauti na cin mita 343 a daƙiƙa ɗaya idan zafin iska digiri 20 ne, don haka tsawon igiya a Hz 2,000 kusan santimita 17 ne. Kuskuren santimita 2 ya isa ya karkatar da fes, wato inda igiyar take a zagayenta, da digiri 42. In ya kai santimita 8 da rabi, wufa na turawa tiwita na ja, sai su kashe juna. Ita kuma kwamfuta, jinkirin da take yi tsakanin fitar da sauti da karɓarsa yana sauyawa daga wannan awo zuwa wancan. In babu mai cewa daga nan aka fara ƙirga, kowane awo da nasa sifilin.

Waya mai komowa ita ce hanyar da nake bi. Ka ɗauki gajeriyar waya ka haɗa mafita ta biyu ta katin da mashiga ta biyu, makirufo yana ta farko. Manhaja, ARTA ce ko REW, za ta gwada abin da ya bi iska da abin da ya bi waya, jinkirin kwamfuta ya fita daga lissafi tun da duka biyun sun sha shi. Agogo ɗaya ne ke fitarwa yake karɓa. Ka ɗaga makirufo zuwa saitin tiwita, ka sauke shi zuwa saitin wufa, ka juya akwatin digiri goma-goma har 180, sifilin yana nan inda yake. Irin wannan awon Kimmo Saunisto, wanda ya rubuta VituixCAD, yake so a ba manhajarsa.

Makirufon USB ba shi da ƙofa ta biyu, kuma agogonsa daban da na abin da ke fitar da sautin. Abin da REW ta tanadar masa shi ne alamar sauti: kafin awo, wata lasifika daban ta yi ɗan siririn ƙara daga Hz 5,000 zuwa sama, lokacin da ya iso makirufo ya zama mafari. Dabarar tana aiki, amma da sharaɗi mai tsauri: tazarar da ke tsakanin lasifikar alamar da makirufo kada ta motsa ko kaɗan. A nan na taɓa tuntuɓe. Na sauke makirufo taƙi ɗaya don ya fuskanci wufa, na manta cewa nisansa da lasifikar alamar ya sauya, na kwana biyu ina canza kwandensa a mararrabar sautin a banza. In wannan hanyar za ka bi, ka bar makirufo a kafe, akwatin za ka riƙa ɗagawa da saukewa, kuma kada lasifikar alamar ta hau faifan da kake juyawa.

Akwai ta uku, tsohuwar dabara: ka auna wufa, ka auna tiwita, ka auna su tare ba tare da taɓa makirufo ba, sannan ka riƙa ƙara jinkiri a manhaja har jimillarta ta dace da awo na uku. Tana ba da amsa a saiti ɗaya. Da ka koma gefe, sai ta zama kintace.

Ni dai katin nan zan ce ka nema. Sai dai ko da shi, mutane kan ɓata awo mai kyau da hannunsu. Kada ka bar manhaja ta mayar da tsinin bugun kowane awo, wato lokacin da sautin ya iso, zuwa sifili, don wannan ɗan bambancin na isowa shi ne abin da kake nema. Ka zaɓi mafari ɗaya daga awon tiwita a digiri sifili, ka ɗora shi a kan dukkan sauran, kowace lasifika da kowace kusurwa. A Hz 48,000 na ɗaukar sauti, wato ɗigo 48,000 a daƙiƙa, zamewar ɗigo ɗaya milimita 7 ce, digiri 15 ke nan a Hz 2,000. Sannan in fuskar akwatin a miƙe take, ka bar Z, wato gurbin zurfin lasifika a manhajar, a sifili, domin zurfin wufa ya riga ya shiga fes, ƙara shi ƙirga biyu ne.

Kafin ka sayi komai, ka juya wayoyin tiwita, a manhaja da kuma a akwatin. Idan ramin ya cike a akwati alhali a allo ne ya buɗe, ka kama ɓarawon.