Raket ɗin badminton: wanne ya dace da hannunka, ba hannun zakaran duniya ba

Tun da aka yi Wasannin Afirka a Accra a watan Maris na 2024, aka buga badminton a Borteyman, har ɗan Najeriya Anuoluwapo Opeyori ya lashe zinariya a wasan maza na ɗai-ɗai, tambayar da nake yawan sha daga samarinmu na unguwannin Nima da Mamobi a Accra ita ce: "Yaya, wane raket zan saya?" Yawancinsu ma sun riga sun yanke shawara, hoton Astrox 100ZZ na cikin waya, so suke kawai a ce musu bismillah. Ni kuwa ba na cewa.

Wannan raket shi ne Viktor Axelsen na Denmak ya yi suna da shi, mutumin da ya ci zinariyar Olamfik a Tokyo da Faris. Tsawonsa mita 1.94, kuma a lokacin badminton ne aikinsa safe da yamma. Kan raket ɗin na da nauyi, sandarsa kuma ta kai maƙura wajen tauri. Idan wanda ke buga wasa Asabar da Lahadi kawai ya ɗauka, ƙwallonsa ba za ta riƙa kai ƙarshen fili ba, bayan ɗan lokaci kuma gwiwar hannu ta fara ƙorafi. Ba raket ɗin ne ya lalace ba. Ba don shi aka ƙera shi ba.

Fara da nauyi, don shi ne mai sauƙin ganewa. Duba wuyan mariƙin, za ka ga an rubuta irin su 3UG5 ko 4UG5. Lambar da ke gaban U nauyi ce: 3U giram 85 zuwa 89, 4U giram 80 zuwa 84, 5U giram 75 zuwa 79, duk kafin a ɗaura zare. Lambar G kuwa kaurin mariƙi ne, kuma a wajen kamfanin Yonex duk yadda lambar ta ƙaru mariƙin sirancewa yake yi. Ɗauki siriri. Ana iya naɗa masa ƙyalle ya yi kauri, mai kauri kuwa ba yadda za ka yi da shi. Giram biyar ba komai ba ne a kan sikeli, amma a wasa na uku, riga ta jiƙe sharkaf, kafaɗarka za ta ƙirga maka su ɗaya bayan ɗaya. Mu da yawancin wasanmu biyu-biyu ne, don fili ya yi kaɗan jama'a na jira, 4U ya ishe mu.

Abin da ya fi nauyin muhimmanci shi ne inda nauyin ya taru. Ɗora sandar raket a kan yatsa, ka riƙa matsawa har ya tsaya daidai bai rinjaya ko'ina ba, sai ka auna daga gindin mariƙi zuwa wurin. Raket tsawonsa kimanin milimita 675 ne. In wurin ya wuce milimita 295, nauyi na kai. In ya gaza 285, nauyi na wajen mariƙi. Tsakaninsu kuma madaidaici ne. Zare da naɗin mariƙi na ɗan motsa wannan awo, don haka kada ka yi rantsuwa a kan milimita biyu.

Mai nauyin kai kamar gatari yake: in ka ɗaga ka sauke, kan na taya ka aiki, amma juya shi da gaggawa sai da ƙarfin wuyan hannu. Simash, wato dukan ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, da shi akwai daɗi, ƙarar kaɗai na sa abokin karawa ja da baya. Matsalar tana zuwa ne idan kai aka sauke wa simash a ƙirji, ko aka shiga musayar nan ta sauri a saitin raga, ƙwallo na zuwa kafin ka ƙifta ido. A nan sai ka ji kan raket ɗin na makara, ka ga ƙwallon sarai amma hannu bai isa ba. Mai sauƙin kai shi ne sarkin wannan wuri. Yana tashi da wuri, yana tare duka, sai dai in ka koma bayan fili kana son jefa ƙwallo can ƙarshen ɗaya gefen, ba mai taimaka maka sai dabarar hannunka.

Manyan kamfanonin duk a kan wannan suka raba kayansu. Yonex ta Japan: Astrox mai nauyin kai, Nanoflare mai sauƙin kai, Arcsaber madaidaici. Victor ta Taiwan tana da Thruster don ƙarfi, Auraspeed don sauri, DriveX a tsakiya. Li-Ning ta Sin kuma Axforce, Bladex da Halbertec, a kan wannan jerin. Har cikin Astrox 88 an raba biyu saboda 'yan biyu-biyu: D na mai tsayawa baya yana sauke duka, S na mai tsaron gaban raga. In ka gane wannan tsari, sunaye da launuka ba za su ruɗa ka a kanti ba.

Sai taurin sanda, wanda shi ne aka fi yin kuskure a kansa. Sanda mai laushi tana lanƙwasawa a lokacin da ka kai duka, ta dawo ta ƙara wa ƙwallo gudu, ko da hannunka ba shi da zafin nama sosai. Mai tauri ba ta lanƙwasawa sai hannu mai sauri ya tilasta mata, ladanta kuwa ƙwallo na zuwa daidai inda ka nufa. Saboda haka sabon shiga ya fi samun ƙarfi daga sanda mai laushi, abin da samari ba sa son ji. Astrox 77, Arcsaber 7 da Nanoflare 700 duk matsakaitan tauri ne, kuma cikin ukun nan da wuya ka rasa naka. In an matsa mini in zaɓa wa wanda ban taɓa ganin wasansa ba, Arcsaber 7 zan nuna masa, 4U. Ba ya burge kowa, amma ba ya hukunta ka a kan kowane ɗan kuskure.

Wajen kuɗi, Yonex kan fitar da samfuri ɗaya a matakai: Pro, Tour, Game, Play. Pro shi ake ƙerawa a Japan, shi ne kuma mai tsadar. Fenti kusan iri ɗaya, amma na ƙasa sun fi sauƙin sarrafawa ga mai koyo. Ban ga dalilin da mai shekara ɗaya a wasa zai wuce Play ko Game ba. Ragowar kuɗin ya sayi takalmin fili mai riƙe ƙasa, ya kuma ajiye na zare.

Zare kuwa shi ne rabin jin daɗin raket, kuma shi aka fi mantawa. BG65 kaurinsa milimita 0.70, yana jure wahala. BG80 0.68 ne, yana da ɗan kaushi, yana kama ƙwallo. BG66 Ultimax 0.65, ƙararsa mai daɗi, tsinkewarsa da wuri. Ana auna ɗaurin da laba, a jikin raket za ka ga iyakar da aka yarje masa, an bi ta da lbs. Ƙwararru na kai wa 28 har fiye da 30. Kai tsaya tsakanin 22 da 24. Ɗauri mai tsanani na rage faɗin wurin nan na tsakiya da ƙwallo ke tashi da daɗi, kuma duk dukan da ya kauce za ka ji shi har cikin ƙashi. Tun kafin ka biya kuɗin raket, tambayi 'yan filinku wa ke da injin ɗaurin zare, nawa yake karɓa, kwana nawa yake riƙe kaya. Ranar da zare ya tsinke kuma, sa almakashi ka yanke sauran nan take, ka faro daga tsakiya, in ba haka ba jan gefe ɗaya zai karkatar da kan raket ɗin.

Yanayin garinmu ma na da ta cewa. Gumin Accra ba wasa ba ne, mariƙin roba kan yi santsi tun kafin a gama wasan farko. Naɗin tawul ya fi shan gumi, sai dai yana saurin wari, dole a riƙa canzawa. Kada a bar raket cikin mota a rana, zafi na sassauta zare. A motar haya ta trotro kuma riƙe shi a hannu, kada ya tafi ƙarƙashin kaya. Ƙwallo ta fi gudu a iska mai zafi, shi ya sa in ta roba ce irin Mavis 350, mai koren zobe, wadda ba ta da gudu sosai, ta fi dacewa da mu. Ta gashi na da gashin tsuntsu 16, ta fi daɗin bugu nesa ba kusa ba, amma aljihu take ci.

Raket ɗin nan biyu a jaka ɗaya da ake sayarwa a kasuwa, masu kan alminiyam da sandar ƙarfe da gaɓa a fili inda suka haɗu, na yara ne a tsakar gida, ba laifi. Wanda ya kamata ka guda shi ne jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani. In aka ce maka ga sabon Pro a kwata na kuɗinsa, ka san amsar. Na gaskiyar Yonex na da lambobi waɗanda aka zana cikin jikinsa, ba fenti aka shafa a kai ba, kana iya jin su da farce.

Na hannu kuwa, ko daga kasuwar intanet ta Jiji ko daga ɗan'uwan da ya aiko da kaya daga Turai, yana iya zama garaɓasa. Fito da shi hasken rana, bi da'irar kan da yatsa. Ƙujewar fenti ba komai ba ce, amma siririn tsagi da ya ratsa firam ɗin, musamman a kafaɗun sama inda raket biyu kan yi karo, yana nufin ɗaurin zare na gaba zai iya ƙarasa shi. Duba 'yan bututun robar da zare ke bi ta cikinsu, ko sun fashe ko sun nutse. In mai shi ya yarda, roƙe shi ka buga wasa guda da shi, ka sa a sauke maka simash biyar a jiki, ka kuma gwada jefa ƙwallo daga layin baya zuwa layin baya, kafin a fara maganar ciniki.