Sola ko Janareta a Masaukin Gandun Daji?

Masu masaukin baƙi a gandun daji irin Yankari sun sha tambayarmu: sola ko janareta?

Janareta ya fi arhar saye, amma kullum sai an zuba dizal, kuma ana canja baƙin mai kusan duk awa 250. Ƙararsa tana korar namun dajin da baƙi suka zo kallo, tsiyayar mansa tana gurɓata ƙasa.

Sola na cin kuɗi da farko. Farantin sola, wato allon da ke karɓar hasken rana, kan kai shekara 20, batirin lithium kusan 10. Matsalar sola ita ce ƙurar hunturu: in ba a goge faranti duk mako, caji ya ragu. A sa wayoyi cikin bututu saboda birai.

Masaukin da fitila, fanka da firji suka ishe shi, sola ya dace da shi. Mai na'urorin sanyaya ɗaki da yawa ya riƙe janareta don dare.