Kwana shida da ɗan jagora a dajin Maine: abin da kuɗina ya saya mini

Shekara bakwai ina shiga ƙuri'ar farautar mus a jihar Maine ta ƙasar Amurka kafin sunana ya fito. Mus dabba ce dangin barewa, amma ta fi doki tsayi, namijin kuma yana da ƙaho mai faɗi kamar an shimfiɗa faranti. A nan ba a farautarta sai da takardar izini ta musamman, ita kuma sai ta hanyar ƙuri'ar da ake yi a watan Yuni. Tun 1982 ake wannan farauta duk shekara, bayan gwajin da aka yi a 1980. Da na ga sunana, abu na farko da na yanke shi ne ba zan shiga dajin nan da ka ba. Na nemi ɗan jagora mai lasisin jiha, wani dattijo da ke da sansani a yammacin garin Ashland, kuma a kan aikinsa nake wannan sharhi.

Tun wata biyu kafin tafiya ya aiko da jerin kaya, kuma duk abin da ya rubuta ya yi amfani. Takalmin roba mai kaiwa gwiwa, safa da riga na ulu, hula ruwan lemo mai haske wadda doka ta tilasta don kada wani maharbi ya ɗauke ka dabba. Ya hana kayan auduga gaba ɗaya, domin idan sun jiƙe ba sa bushewa, sanyi kuma ya shige ka. Bindiga na tafi da ta farauta mai harsashi samfurin .30-06, ya kuma sa sai da na gwada saitinta a gabansa ranar Lahadi, tunda a Maine doka ta hana farauta ran Lahadi. Ya ce mu zo da tayoyin safaya biyu. Ɗaya ta fashe tun kafin mu isa sansani.

Dajin da ake kira North Maine Woods ya kai eka miliyan 3.5, mallakar kamfanonin katako ne da wasu iyalai, kuma sai ka yi rajista ka biya a ƙofa kafin ka shiga. Hanyoyin tsakuwa ne, manyan motocin katako su ke da hanya, idan ka hango ƙurarsu ka ratse gefe. Babu sabis ɗin waya ko kaɗan.

Inda na fara ganin darajar mutumin nan shi ne da asuba. Ƙarshen Satumba lokacin barbarar mus ne, don haka kira ake yi. Yana da wani ƙaho da ya naɗe da ɓawon itace, ya sa a baki ya yi kukan macen, wani dogon nishi mai ratsa jiki, sannan ya yi shiru kusan rabin awa ko motsi babu. Wani lokaci ya ɗauki busasshen ƙashin kafaɗa ya riƙa gogawa a jikin rassa kamar namiji na kaɗa ƙaho. Kwana uku muna haka babu amo babu labari, sai sawu a taɓo da kashi. Ƙanina da ya raka ni, wanda sunansa ke kan takardar a matsayin mataimaki, ya fara cewa, "Yaya, anya ba mu canja wuri ba?" Dattijon ya ƙi. Ya nuna mana inda aka karya ƙananan itatuwa da wani rami mai wari da namijin ya tona, ya ce yana nan kusa. Ranar Alhamis, rana ba ta gama fitowa ba, muka ji gurnani daga cikin hazo, sai ga shi ya fito bakin fili, tururi na fita daga hancinsa.

Tun a waya na gaya masa ni Musulmi ne, zan yi bisimilla kafin harbi, idan kuma na tarar da dabbar da sauran rai to yanka ta zan yi. Bai yi mini musu ba, amma ya gindaya sharaɗi: ba zan matsa kusa ba sai ya ba da izini, kuma ta bayan kai zan zo, don shurin mus na iya karya mutum. Haka aka yi. Wannan kaɗai ya isa in yaba masa. Sallar asuba ma shi ke tashe mu da wuri don kada ta ci karo da fita.

Amma ainihin abin da kuɗina ya saya ya bayyana ne bayan harbi. Dabbar ta faɗi a cikin fadama, nesa da hanya, nauyinta kuwa da aka auna a tashar rajista ya haura fam 700 bayan an cire kayan ciki. Fatar mus tana riƙe zafi, idan aka yi sanya naman zai lalace tun daga ƙashi. Nan take ya farke cikin, ya tokare haƙarƙari da sanda don iska ta shiga, ya ɗaura doguwar igiya da injin ja, muka jawo ta taku bayan taku har bakin hanya. Awa huɗu muka yi. A mota akwai jarkoki na ƙanƙara da ya tanada, ya cusa su a cikin. Da ni da ƙanina ne kawai, wallahi da rabin naman nan ya tafi a banza, kuma wannan alhaki ne da ba zan so in ɗauka ba. Shi ne kuma ya hana ni hanta da ƙoda, ya ce hukuma na gargaɗi a kansu saboda sinadarin kadmiyam da ke taruwa a ciki. Na ji zafin barin hantar, amma na bari.

Ƙorafina biyu ne. Na farko abinci. Duk da na faɗa tun farko, mai dafa abincin sansanin a tanda ɗaya yake soya naman alade da ƙwai, don haka kwana biyu muna kan burodi da shayi kafin aka ware mana tukunya. Wanda zai je ya tafi da tukunyarsa da garinsa da yajinsa. Na biyu, ba a gaya mini cewa kuɗin mahauci da ɗakin sanyi ba sa cikin abin da na biya ba, sai da muka isa gari. Ya kamata a rubuta wannan tun a takardar yarjejeniya.

Duk da haka, idan sunana ya sake fitowa, wurinsa zan koma. Naman ya cika firiza biyu, mun raba wa maƙwabta da mutanen masallaci, uwargida kuma ta yi dambu da cinya guda, wanda har yanzu yara ke ɗiba a kwalba.