Wata takwas da ƙarfen buɗe makulli mai bututu a hannuna

Ina da ɗan shagon gyaran waya a gefen babbar kasuwar Garwa, kuma akwatin gilashin da nake jera wayoyi a ciki yana da irin makullin nan mai zagayayyen baki, wanda mabuɗinsa kamar an yanko guntun bututu aka yi masa ƙananan tsaga a baki. Bara da azumi mabuɗin ya ɓace mini. Na zazzage aljihu, na share shago, na koma gida na ɗaga katifa, babu shi babu alamarsa, ga kuma wayoyin mutane a kulle suna jira. Dole na kira Baba mai yankan makulli na layinmu. Ya duba, ya girgiza kai ya ce, “Ɗana, wannan sai dai a huda shi.” Ya huda, ya sa mini sabo. Ni kuma na kwashe gawar tsohon a leda na tafi da ita gida, don raina ya kasa kwanciya da cewa abu ƙarami haka ba shi da wata hanya sai ɓarna.

Daren nan bayan asham na baje shi a kan faranti. Ƙananan ƙusoshi na tagulla ne guda bakwai a jere da'ira, kowace kashi biyu ce, ta gaba da ta baya, a ƙarƙashinsu kuma ɗan sifirin siriri kamar gashi. Mabuɗi na gaskiya yana danna kowace ƙusa zuwa zurfin da aka yanka mata, sai mahaɗar kashi biyun ta zo daidai da layin da cikin makullin ke juyawa. Idan duka bakwai sun daidaita, ya buɗe. Dabarar da ke cikin makullin ƙofa ce irin ta Yale, sai dai a can ƙusoshin a layi ɗaya suke, a nan kuwa an zagaya da su suna kallonka ido da ido. Wani kamfani a Chicago ta Amurka ne ya yaɗa shi da sunan Ace tun shekarun 1930, shi ya sa ake ganinsa a injinan sayar da lemo, akwatunan kuɗi, da makullan keke. Daga wannan dare abin ya shiga raina, har yau bai fita ba.

Ƙarfen da zan yi magana a kansa ƙanena da ke Duwala ne ya yi mini odarsa daga Sin. Ya biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga can mota ta kawo shi Garwa. Da kuɗin kaya da na aike ya tasar mini sefa 14,000. Guda uku ne a ɗan akwati, masu faɗin baki milimita 7 da 7.5 da 7.8, sai ɗan ma'aunin ƙarfe mai matakala na karanta zurfi. Kowanne kamar sukundireba yake mai gajeren mariƙi, bakinsa bututu, a jikin bututun an kwantar da allurai bakwai masu zamewa gaba da baya, an ɗaure su da zoben roba da wani wuya da ake murɗawa a matse ko a sassauta. Ba takardar bayani ko ɗaya a ciki. Wannan shi ne laifinsa na farko a wurina, don wanda bai taɓa warware makulli ya ga cikinsa ba zai yi ta murɗa da ƙarfi har ya lanƙwasa allura.

Yadda yake aiki shi ne abin da ya fi burge ni. Kana daidaita alluran su zo kai ɗaya, ka matse wuyan daidai gwargwado, ka tura cikin makulli a miƙe, kana ɗan karkaɗa hannu hagu da dama kamar mai jin nauyin ƙwai. Duk ƙusar da ba ta kai wurinta ba takan cije, sai ta tura allurarta baya kaɗan. Wadda ta kai wurinta ta daina cijewa, allurarta ta tsaya. A haka makullin da kansa yake sassaƙa mabuɗinsa a jikin ƙarfen. Ranar farko na gwada a kan sabon makullin da na saya sefa 1,500 don koyo. Ban kai ga ƙirga ashirin ba na ji ya saki, mariƙin ya juya a hannuna sumul. Na matse wuyan gam, na zare, na mayar, ya sake buɗewa kamar mabuɗinsa na asali. Na ɗora ma'aunin a kan alluran na karanta lambobi bakwai na rubuta a bayan rasit.

Na yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba, don ina ɗaga kai idona ya sauka a kan akwatin gilashina. Irin makullin ne sak. Wayoyin mutane na dubban ɗaruruwa suna kwana a bayan abin da ba ya jure daƙiƙa ashirin. Ashe ba sabon labari ba ne. A shekarar 2004 an yi ta yaɗa bidiyo a intanet ana buɗe makullan keke na Kryptonite masu bakin bututu da gangar biro na Bic, har kamfanin ya karɓi tsofaffin ya musanya wa mutane da wasu. Robar biron takan lotsa ta ɗauki siffar ƙusoshin, aikin da alluran nan ke yi ke nan. Abin da na gani da idona shi ne, cikin makullai goma sha ɗaya masu araha da na tara daga kasuwa da wurin 'yan gwangwan, tara sun buɗe da wannan ƙarfe ba tare da wata wahala ba. Biyun da suka ƙi, tsatsa ce ta riƙe su.

Zoben robar nan kuwa ba a yi shi don ƙasarmu ba. Duk wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san zafin da ke wuce digiri 40, kuma shagona rufin kwano ne. Kafin wata uku robar ta bushe ta tsattsage, alluran suka riƙa zamewa da kansu, ƙarfen ya zama ba shi da amfani. Na je wurin masu gyaran babur na tsinci ƙananan zobban roba na kafireto, na gwada har na sami wanda ya zauna, kuma gaskiya ya fi na asalin riƙo. Ƙurar hunturu ma tana shiga tsakanin alluran ta sa su cije. Kada a zuba mai, don mai da ƙura in sun haɗu sun zama laka. Ni garin bakin fensir nake gogawa. Sannan biyu daga cikin alluran na milimita 7.5 sun zo da kaushi a gefe, sai da na zare su na bi da sanfefa mai laushi. Na milimita 7 kuwa har yau ban sami makullin da ya shiga ba a nan, yana kwance a akwati. Da ana sayar da su ɗai-ɗai, na tsakiyan kaɗai zan ce a saya.

Inda ƙarfen ya nuna iyakarsa shi ne ranar da wani Alhaji da ke kawo mini gyara ya ba ni wani makulli da ya cire daga tsohon akwatin kuɗin gidan mansa. Ya ce, “Malam, tunda ka ce kana son irin waɗannan, ga wannan, na bar maka.” Da ɗaukarsa ka san ba sa'an na kasuwa ba ne. Yana da nauyi, bakinsa a matse, tsakiyarsa da ƙarfe mai tauri don kada a huda. Na sa ƙarfena da tabbacin minti ɗaya ya isa. Na yi awa guda. Na sassauta wuya, na matse, na sake jera allurai ya fi sau talatin. Kowane karo sai in zaro in ga allura biyu sun koma baya can, sauran ko motsi ba su yi ba.

Da yake Alhaji ya haɗo mini da mabuɗinsa, na warware shi a hankali a kan farin ƙyalle. Nan na ga sirrin. Sifirin ɗin ba ƙarfinsu ɗaya ba: wasu masu tauri, wasu masu laushi. Shi kuwa ƙarfen nan matsi ɗaya yake yi wa alluransa duka. In ka matse don sifirin mai tauri, ƙusoshi masu laushi ba za su iya tura allurarsu ba, in ka sassauta don masu laushi, mai taurin ya wurgar da tasa baya. Ban da haka, uku daga ƙusoshin baya an rage musu ciki sun zama kamar kalangu, siririn tsakiya da kauri a kai da gindi. Irin wannan ƙusa takan yaudare ka: makullin ya ɗan juya kamar ya buɗe, alhali gefen kalangun ne ya maƙale. Na daɗe ina juya ƙusar nan a tafin hannuna. Ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, amma wanda ya zana ta ya san za a zo da irin ƙarfena, ya kuma shirya masa tun kafin a zo.

Daga nan na ajiye ƙarfen na koma bin ƙusa ɗaya-ɗaya da hannu, da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe na murɗa tsakiya da wata allura da na wasa daga waya. A nan ne daɗin abin yake. Kana murɗawa kaɗan, kana taɓa ƙusoshin bi da bi kana neman wadda ta cije, ka danna ta sannu har ka ji ɗan “ƙis” a yatsa, ba a kunne ba. In ka iso kan mai kalangu sai ka ji makullin yana turo hannunka baya, dole ka sassauta ka bar shi ya koma, ko da wasu da ka riga ka daidaita za su zube. Haƙuri yake koyarwa. Nakan tuna Alfred Hobbs, Ba'amurken da ya buɗe makullin Bramah a Landan a 1851, makullin da ya shekara fiye da hamsin ana ƙalubalantar mutane da shi. Awa 51 ya ɗauka cikin kwana 16, kuma shi ma makullin nan mabuɗinsa zagayayye ne mai tsaga a baki.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: makullina kaɗai nake taɓawa, ko wanda mai shi ya miƙo mini da hannunsa. Ƙungiyoyin masu wannan sha'awa, irin TOOOL da ta faro a Holan, a kan wannan ƙa'ida suke, har da cewa kada ka yi koyo a kan makullin da ake amfani da shi, don kana iya lalata shi. Ƙarfen ba ya barin hannuna, ba na ba da aronsa, kuma yaron shagona da ya nemi in koya masa, sai da na fara zama da mahaifinsa. Mutunci a kasuwa ya fi kowane abin sha'awa tsada.

Wanda ke gyaran akwatunan gilashi ko yankan makulli, wannan ƙarfe zai mayar masa da kuɗinsa cikin wata guda, ya kuma hana shi huda makullan mutane. Na nuna wa Baba, ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, yanzu ya sa ƙanena ya yi masa odar nasa. Mai shago da ke son sanin ko makullinsa na kirki ne, shi ma zai amfana. Ni dai na cire na akwatina na sa wanda ba shi da sifirin sam, irin mai faifai da kamfanin Abloy na Finlan ya shahara da shi. Amma wanda ke tsammanin zai buɗe makulli mai tsaro na gaske da shi, ya riƙe kuɗinsa.

Makullin Alhaji ya buɗe mini da hannu a mako na shida, wani dare bayan isha'i, wuta ta ɗauke ina aiki da fitilar waya. Ya juya kashi ɗaya cikin takwas na da'ira, sai ƙusoshin suka faɗa ramukan maƙwabtansu ya sake kullewa, don haka irinsu suke yi, sai ka sake bin su daga farko kafin ya ƙara gaba. Na bi su karo na biyu a daren, ya kai inda harshensa ya saki. Yanzu ina yinsa cikin minti goma sha biyar, kuma na aika wa ƙanena ya nemo mini mai ƙusa takwas.