Mastar ɗin kontabilite da IFRS: Yamai, Dakar, Kano ko ta intanet?

Duk wanda ya gama lisans na kontabilite (ilimin lissafin kuɗin kamfani) nan Damagaram tambaya ɗaya ce a bakinsa yanzu, wai ina zai je ya yi mastar ɗin da ake koyar da IFRS, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na rubuta lissafin kamfanoni. To ƙanena kafin ka sa tsoho ya saida gona, fara sanin inda za ka yi aiki tukuna.

Mu nan Nijar dokar OHADA ce a kanmu, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, ƙasashe 17 ne a ciki. Sabon SYSCOHADA, tsarin lissafin OHADA, da aka amince da shi a 2017 ya fara aiki 1 ga Janairu 2018, da shi ake rufe lissafin shekara a kai wa ƴan haraji. Shi kuwa IFRS da hukumar IASB ta Landan ke fitarwa, waɗanda aka ɗora wa shi dole tun 2019 su ne kamfanonin da ke kasuwar hannun jari irin BRVM ta Abijan da masu tara kuɗi daga hannun jama'a, su ma ƙari ne a kan SYSCOHADA ba madadinsa ba. Yanzu ka ƙirga min irin waɗannan kamfanoni daga Birni zuwa Zango, nawa ka samu?

Kuma bambancin ba na wasa ba ne. A ce kamfani ya kama hayar sito kusa da Kasuwar Dole na shekara 5, ba maganar saye a ƙarshe. A SYSCOHADA kuɗin haya ne kawai, ka rubuta a kashe-kashe ka wuce. A IFRS 16 kuwa, ƙa'idar da ta shafi haya, sai ka tattara hayar shekarun nan duka ka maido ta darajar yau, ka sa ta a bilan (takardar kadarori da basussukan kamfani) a matsayin kadara ta haƙƙin amfani, ɗaya ɓangaren kuma bashi, kowace shekara kana rage darajar kana lissafa ruwan bashin. Sito ɗaya, bilan biyu daban. Makarantar da ba za ta zaunar da kai ka yi wannan da hannunka ba, labari kawai take sayarwa.

Yamai ta fi sauƙi ga aljihu, akwai jami'ar Abdou Moumouni akwai masu zaman kansu birjik, kuma sitaj (koyon aiki) a kabine, wato ofishin masu lissafi, na kusa. Amma masu zaman kansun nan sai an tona, ka tambaya ko CAMES, hukumar Afirka mai tantance dipulom na jami'o'i, ta amince da dipulom ɗin, ka ce a nuna maka takarda, kar ka yarda da "ai muna kan hanya".

Dakar kuwa, makarantar CESAG da ke ƙarƙashin babban bankinmu BCEAO, ni a ganina ita ce ta mai son zama ekspar kontabul (ƙwararren mai lissafi) a yankin UEMOA, wato ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, don hanyar a shimfiɗe take, dipulom ɗin DESCOGEF, sai sitaj na shekara 3, sai dipulom na ƙarshe DECOFI, daga nan ka nemi shiga ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun masu lissafi ta ƙasa, ka riƙa sa hannu a lissafin mutane. Sai dai tsada kam, kuɗin makaranta daban hayar ɗaki a Dakar daban, in ba burs gare ka ba ko wani kawu mai ƙarfi to ka yi tunani. Akwai kuma dipulom ɗin DSCG na Faransa da ake iya shiryawa daga nesa ta makarantar INTEC, a ciki ana haɗa lissafin rukunin kamfanoni da IFRS sosai, amma haraji da dokar da za ka haddace na Faransa ne.

Kano ce ke ruɗin mutanenmu saboda kusa ce, ka bi ta Matamaye da Daura ka isa, ga ƴan uwa ga Hausa. Najeriya ta koma IFRS tun 2012, don haka a Bayero ko ABU Zariya shi ne abincin kullum, ta nan sun fi mu nisa gaskiya. Matsalar ita ce ba wanda zai koya maka SYSCOHADA can, karatun da Ingilishi ne zalla, lisans ɗinmu shekara 3 ne digirinsu 4 don haka ana iya cewa sai ka fara yin difloma, ga yajin aikin malamai wanda a 2022 ya ci wata 8. In can za ka zauna ko kana harin kamfanonin waje, bismilla.

Wanda ya riga ya fara aiki shi ban ga dalilin ya bar albashinsa ba. DipIFR, difloma kan IFRS ta ƙungiyar masu lissafi ta Birtaniya ACCA, jarabawa ɗaya ce, ana yin ta Yuni da Disamba, sai dai suna neman shekara 2 na aiki bayan digiri kuma Ingilishinka ya zauna. Ba mastar ba ce fa, ba za ta ɗaga maka matsayi a aikin gwamnati kamar mastar ba, amma a kan mastar ta gida tana da nauyi.

Ko wacce ka zaɓa ka karɓi jadawalin darussa kafin ka biya ko dala, ka duba awa nawa aka ba haɗa lissafin rukunin kamfanoni, da IFRS 9 da 15 da 16, kuma ka tambayi malamin IFRS 18 da zai maye tsohuwar ƙa'idar IAS 1 daga Janairun 2027. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.